Matakalar Barmo

Jaɓɓi ya aiko hoto daga Italiya:
tudu guda an yanka shi hawa-hawa,
matakala fara tas kamar an wanke da nono,
ga zakoki na dutse, bakinsu buɗe,
kowane baki yana feso ruwa.

Na daɗe ina murza fuskar wayar da yatsa.
Na ce masa ya yi kyau, don kuwa ya yi.
Sai na jefa ta aljihu, na ɗau sandata,
na bi ta bayan masaƙa, na ratsa gonar gero,
zuwa gindin dutsenmu na Kwatarkwashi,
inda tamu matakalar take kwance
ba ta taɓa shiga hoton kowa.

Barmo ya sare ta. Babu wanda ya sa shi.
Ige ce ta zame da tulu a kanta
daminar da aka haifi yayata,
ƙugunta ya goce, aka sauko da ita a goye.
Bai ce uffan ba. Da asuba ya saɓi diga,
ya tsaya gaban dutsen kamar mai bin bashi.
Shekara tara yana zuwa.

Ɗari da sha bakwai, tun ina yaro na ƙirga.
Babu biyun da suka zo daidai.
Ta arba'in da uku gajeriya ce,
ranar da masassara ta kama shi ya yi ta.
Ta sittin tana da faɗi,
nan yake shimfiɗa buzu idan azahar ta yi.
Ƙafa ta fi ido saninsu:
Makaho Gajam har ya tsufa
bai nemi ɗan jagora wajen hawa.

A zangon farko ya haƙa kwami,
ya dasa wuyan tulun Ige, wanda ya fashe,
ruwan marmaro na fita ta ciki har yau.
A na biyu ƙarfen keke ne, ya yi tsatsa,
yana fito idan iska ta taso daga gabas.
Mu ba mu da zaki.
Ƙadangare ne ke gadi, yana gyaɗa kai
kamar an faɗa masa abin da ya daɗe da sani,
sai awaki, sai ƙudan zuma a bakin danshi,
sai wata ɗorawa da ta ba mu inuwa.

Zango na uku ban kai shi ba bana.
Ba gwiwa kaɗai ta hana ni ba.
Tun da babura suka fara kwana a daji
da la'asar kowa ke tattara tulunsa,
mata na saukowa ba hira, ba waige.
Can sama ruwan na zuba shi kaɗai,
mikiya ce kawai ke leƙawa.

Na zauna a ta sittin, na cire takalmi.
Dutsen ya lotsa a tsakiya, santsi kamar turmi,
tafin ƙafar garinmu ne ya cinye shi,
da na waɗanda ke raye, da na waɗanda aka kai.
Ige ba ta taɓa taka ta ba, Jaɓɓi.
Ta rasu saura goma sha ɗaya.
Barmo ya yi kwana bakwai a zaure,
a na takwas aka ji diga tana amsawa.

Na ɗaga wayar zan ɗauka maka,
sai wata yarinya ta zo wucewa da jarka,
ta ce, Baba, matsa kaɗan.
Na matsa.
Na kalli dugaduganta suna neman gurbi
ba tare da ta dubi ƙasa ba,
har na manta abin da na zo aikawa.